Takalmin Tif na Injiniya Jumare

An ce in an ƙi ji ba a ƙi gani ba. To, ga labarin wani da ya ƙi ji, ya kuma gani, amma har yau bai yarda ya gani ba.

A Azare, a wani layi da ruwa ke kwanciya duk damina, akwai wani mai gyaran fanka da rediyo ana ce masa Jumare. Bafulatanin gari ne, rabon gidansu da saniya tun zamanin kakansa. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya kuma rubuta da jan fenti a ƙofar shago don kada wani ya manta. In ka kai masa fanka mai ƙara, zai dawo maka da ita ta yi shiru, shirun da ba za ta sake motsi ba. In ka yi magana ya ce, "Ƙara ka ce ta dame ka. Yanzu kana jin ƙara?"

Matarsa Suwaiba 'yar Giade ce, mace mai tsabta har ta fitar hankali. Abin da ta fi ji da shi a duniya shi ne ledar ɗakinta, wadda mahaifinta Alhaji Ya'u ya saya mata cikin kayan aure: koriya shar, da ƙananan furanni a gefe, da wani ƙaton fure ruwan ɗorawa a tsakiya. Safe da yamma tana goge ta. Shi kuwa Jumare, da damina ta kankama, kullum sai ya dawo a babur ƙafa duk taɓo, ya taka ledar nan tun daga ƙofa har bakin gado. Ta yi magana, ta yi magiya, ta ajiye masa buta a bakin ƙofa. Ya ce, "Injiniya ba ya tsugunawa wankin ƙafa a ƙofar ɗakinsa kamar baƙo."

Ranar da ya taka furen tsakiya da ƙafa biyu, Suwaiba ta ɗauki mayafi, ta hau mota, sai Giade.

Da farko Jumare ya ce ai hutu ya samu. Ba a jima ba gidan ya yi masa faɗi. Murhu ya yi sanyi, ruwa na ɗiga daga indararo ba wanda zai tara, har kajin gidan suka koma kwana a maƙwabta. Sai ya aika Giade da ban haƙuri. Alhaji Ya'u ya ce ya zo biko ranar Asabar bayan azahar, ya taho da dattijo. Suwaiba kuma ta yi masa waya, magana ɗaya tak: "In da irin ƙafar da ka saba za ka zo, kada ma ka sauka daga babur."

Jumare ya fito majalisar da ke gindin dalbejiya a bakin layi, ya buga ƙirji.

"Ku shaida. Ranar Asabar, ko sama za ta tsage, zan je Giade a babur, in sauka da fara ƙal ɗin safa, ƙafa a bushe kamar an fito da ita daga buhun gero."

Maƙwabcinsa Malam Bappayo mai goro, wanda shi ne zai raka shi bikon, ya ce, "Jumare, ka tuɓe takalmi ka sa a leda, ka hau da silifas. In mun isa ka roƙi buta. Haka kowa ke yi."

"Kowa! Shi ya sa ƙasar nan ba ta ci gaba, Malam. Kowa buta, kowa buta. Turawa da buta suka je wata?"

Babakura mai faci, wanda rumfarsa ke jikin bishiyar, ya ɗago kai daga tayar da yake dubawa. Babarbare ne, saboda haka tsakaninsa da Jumare ba a raga wa juna. Ya ce, "Ku ƙyale bawana ya yi. Bafulatanin da ya rasa shanu, in bai yi kiwon dabara ba me zai kiwata?"

"Wa ne bawan wani? Kai dai Babarbare ka zuba ido. Da ganinmu kuka koyi sa wando."

Gwajin farko, baƙar leda ya ɗaura wa kowace ƙafa, ya hau babur ana yayyafi, ya zaga layi yana ɗaga wa mutane hannu. Kafin ya kai kwana, ledar dama ta taɓa salansa, ta narke, ta manne masa a idon sawu. Ya diro yana tsalle da ƙafa ɗaya, babur ya ci gaba shi kaɗai har ya kwanta a kwata.

"Injiniya, rawa ce?" in ji Babakura.

"Gwaji ne. An gano inda zafi yake."

Gwaji na biyu, jarka biyu ya yanke wa baki, ya zura ƙafafu a ciki. Ruwa kam bai shiga ba. Amma da ya zo tsayawa, jarka ta ƙi samun birki. Ya ratsa ta tsakiyar majalisa, mutane suka watse, ya ɗebi faifan goron Malam Bappayo, sai da tarin tsofaffin tayoyin Babakura suka tare shi. Malam Bappayo ya tsuguna yana tsintar goro a cikin taɓo yana salati.

Jumare yana kwance cikin tayoyi, jarkoki a sama, ya ce, "Ku duba ƙafar! Ku duba ku faɗi gaskiya, ta jiƙe?"

To, a kwancen nan ne idonsa ya faɗa kan wani tsohon tif na tayar mota da ke rataye a rumfa. Sai ya yi murmushi. Duk wanda ya san Jumare ya san wannan murmushin, ya kuma san gara a kawar da kaya daga hanya.

Ranar Asabar gari ya waye da marka, irin ruwan da ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Jumare ya yi wanka, ya sa farar shadda riga da wando, da farar safa, da baƙin takalmi sau-ciki da ya sha mai har yana ɗaukar ido. Ya zo rumfar Babakura ya ba da umarni. Aka raba tif biyu, aka liƙe bakin kowane yanki da faci, ya zama kamar doguwar jaka. Ya zura ƙafa da takalmi da safa, ya cusa ƙafar wando a ciki, ya ja robar har ƙasan gwiwa.

"Yanzu shafa sholisho a bakin, ka zagaye. Kada ko iska ta shiga."

Babakura ya ce, "Bawana, wannan gam ɗin taya ne. Ba ya sanin ɗan gida."

"Shafa! A kan wando za ka shafa, ba a kan fata ba. Kai faci ka sani, ni ilmi na sani."

Babakura ya shafa, ya kuma shafa da hannu sake, don ba kullum Allah ke kawo wa Babarbare irin wannan rana ba.

Saura gwiwa da cinya. Jumare ya ce su kuma garkuwa za a yi musu. Ya koma gida yana tafiya kamar agwagwa, ya tsaya a ɗakin Suwaiba yana dube-dube. Ba abin da ya ga ruwa ba ya ratsawa sai ledar ɗaki. Ya ce a ransa, ta ƙarƙashin gado zan yanka, wa ke leƙa ƙarƙashin gado? Ya yanko, ya gwada, ta yi kaɗan. Ya ƙara, ta karkace. Ya ce bari a daidaita. Yana daidaitawa yana daidaitawa, har almakashi ya zagaye furen tsakiya. Ya tsaya ya dubi simintin da ya bayyana. Sai ya ce, "In ta dawo a ja gado tsakiya. Dama can ya fi shan iska."

Ya ɗaure gefe ɗaya na ledar a kan babur, ɗaya gefen a ƙugunsa, ta rufe masa cinya kamar faifai. Malam Bappayo ya hau baya, takalminsa a leda rataye a wuya, buhu a ka. Majalisa ta fito rakiya.

Jumare ya ce, "Ku kalla da kyau. Bana kuna dariya, baɗi kuna layi a shagona."

Babakura ya ce, "A gaida Giade. In an ƙi ba ka matar, ka tsaya a tasha a yi maka iska."

Suka kama hanya. Ruwa na sauka, ledar nan ta lotsa a tsakiya, ta fara tara ruwa kamar ƙwarya. Duk ramin da babur ya faɗa, sai ta juye masa a ciki. Ruwan ya bi cikin wando, ya gangara ta bayan gwiwa inda gam bai kama ba, ya sauka cikin tif. Tif kuwa aikin Babakura ne, ba ya yoyo. Abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Can Malam Bappayo ya ce, "Jumare, ina jin wani abu na cewa cakwal-cakwal."

"Inji ne. Yana jin daɗin sanyi."

"In ka taka giya ne yake yi."

"To giya ce."

Jumare ya ji sanyi ya kama yatsunsa, ya hau idon sawu, ya kai ƙwauri. Ya ce a ransa sanyin roba ne, dama roba haka take. Da ƙafar ta yi nauyi har sai ya sa hannu ya ɗago gwiwa kafin ya canja giya, ya ce gajiya ce. Wani Bafulatani mai kora shanu a gefen hanya ya tsaya ya bi su da kallo, har sandarsa ta faɗi.

Suna shiga Giade ruwa ya ɗauke. Ƙofar gidan Alhaji Ya'u cike take, don an ji mijin Suwaiba zai zo, kuma labarinsa ya riga shi isowa. A zaure an shimfiɗa kafet, Alhaji Ya'u na zaune da 'yan'uwansa, ga limamin unguwa a kan farin buzunsa. A bakin ƙofa takalma ne jere, kowa ya tuɓe nasa kamar yadda aka saba.

Malam Bappayo ya karɓi buta, ya ɗauraye ƙafa, ya yi sallama ya shiga. Jumare ya kwance ledar daga ƙugu, ya sauko da ƙyar. Kowace ƙafa ta kumbura ta yi kamar salkar ruwa. Ya tako zuwa bakin zaure, cakwal, cakwal, ya tsaya. A nan ne ya tuna abin da duk lissafinsa bai kawo ba: ba a shiga gaban suruki da takalmi.

Ya sunkuya ya ja bakin tif. Tif ya ce ban san wannan ba. Gam ya ratsa shadda, ya kama gashin ƙwauri, wando da roba da fata sun zama abu guda.

Ya rusuna daga waje. "Barka da yini, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

Alhaji Ya'u, dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Lafiya lau. Shigo mana."

"Nan ma ya isa, Alhaji."

"Ba a biko daga titi. Shigo."

Malam Bappayo ya fito da sauri, ya raɗa masa, "Tuɓe abin nan, kana ba mu kunya." Ya kama bakin robar da hannu biyu, ya taka dokin ƙofa, ya fizga. Wani zafi ya tashi daga ƙwaurin Jumare har tsakiyar kansa. Amma ɗan Fulani ba ya ihu a gaban suruki, ko da Bafulatanin gari ne. Ya cije leɓe, hawaye suka zubo shar.

Liman ya gani, ya gyaɗa kai. "Allah sarki. Nadama ce. Alhaji, yaron nan ya yi nadama."

Jin haka sai ƙarfin gwiwa ya dawo wa Jumare, dabara kuma ta zo masa, irin tasa. Ai abin da aka hana shi ne takalmi ya taka shimfiɗa. To in bai taka ba fa? Ya ture hannun Malam Bappayo, ya durƙusa a kan dokin ƙofa, ya dafa kafet da hannu biyu, ya rarrafo ciki a kan gwiwa. Don kada roba ta taɓa shimfiɗar surukinsa, ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama ta baya, ya ce ga ladabi ga hikima.

Da ƙafa ta yi sama, bakin tif ya koma ƙasa.

Ruwan da ya tara tun daga Azare ya kwararo ta bayan gwiwa, ɓul-ɓul-ɓul, kamar an kifar da tulu biyu. Ba kuma farin ruwa ba ne. Ya jiƙa da man takalmi da dattin cikin tif, ya fito baƙi ƙirin. Ya malale kafet, ya ratsa ƙarƙashin dattawa, ya nufi farin buzun liman kamar an aike shi. Zaure ya tashi tsaye. Wannan na tattare riga, wancan na neman carbi, liman ya ɗaga buzu yana ɗiga yana cewa, "Subhanallahi! Daga ina?"

Alhaji Ya'u kaɗai bai motsa ba. Ya dubi ruwan da ya kewaye shi, ya dubi surukinsa da ke durƙushe ƙafa a sama, ya ce, "Jumare, mu nan ma an yi mana ruwan. Da ba ka wahalar da kanka ka kawo mana na Azare ba."

Jama'ar da ke ƙofa suka fashe da dariya, har wani ya zauna a ƙasa.

Hayaniyar ce ta fito da Goggo Yelwa, ƙanwar Alhaji, tsohuwar da ba ta tauna magana. Suwaiba na biye da ita, ta tsaya a bayan labulen zaure. Goggo ta dubi Jumare sama da ƙasa.

"Wannan ne mai bikon, ko mai yasar rijiya aka kira?"

Jumare ya ce, "Goggo, ƙaramar matsala ce ta bayan gwiwa. Amma ki duba, ko ɗigo bai fita ta ƙasa ba. Aikin ya yi."

Goggo ta aika aka kawo almakashi. Aka fitar da shi waje, aka zaunar da shi a kan turmi, jama'a suka kewaye. Tun da roba ta ƙi rabuwa da wando, sai ta yanke wandon daga gwiwa, ta tsarge tif, ta ɓamɓare sauran da man gyaɗa, gashi na tafiya Jumare na kallon sama yana haɗiyar ihu. Aka zare takalmi, aka tsiyaye. Farar safa ta koma kalar toka. Ƙafafun suka fito fari fat, sun yamutse kamar rogon da ya kwana a ruwa.

Goggo ta ɗaga murya wajen labule. "Suwaiba, kin ce ya zo da wata ƙafa ba wadda ya saba ba. To ga ta. Wannan kam ko shi bai taɓa ganinta ba."

Suwaiba kuwa ba ƙafar take kallo ba. Ta gefen labule idonta ya wuce kan babur, inda wani abu kore ke rataye yana ɗigar da ruwa, da ƙaton fure ruwan ɗorawa a tsakiya.

Ta ce a hankali, "Baffa, a tambaye shi abin da ke kan babur ɗin can."

Alhaji Ya'u ya fito, ya je ya ɗaga ledar, ya juya ta. Shi ya saye ta da hannunsa, ba ya bukatar a gaya masa.

Jumare ya yi sauri ya ce, "Ta ƙarƙashin gado ce, Alhaji. Wurin da ba a gani."

Suwaiba ta ce, "Baffa, furen nan a tsakiyar ɗaki yake."

"Za a ja gado," in ji Jumare.

Malam Bappayo ya sunkuyar da kai, ya fara laluben takalminsa, don ya tabbata biko ya mutu. Jumare ma ya ji a jikinsa. Ya tuna murhun nan mai sanyi da gidan da ba motsi, sai tsoro ya kama shi. Shi kuwa in tsoro ya kama shi, bakinsa ne ke ƙara gudu.

"Alhaji, ku yi haƙuri, kuskuren na gano shi. Daga sama ruwa ke zuwa, saboda haka daga sama za a tare shi. Rumfa zan yi wa babur. Akwai ledar katifa a ɗaki, ga labule mai kauri, ga sandunan gidan sauro. Babban farantin nan na silba da ke cikin kabet kuwa, in aka huda shi a gefe huɗu..."

"Goggo," in ji Suwaiba, "miƙo min mayafina."

Goggo ta ce, "Ke, ba a ma fara maganar ba. Ba a yi masa faɗa ba, bai yi alkawari ba."

"A yi masa daga baya. In na ƙara kwana a nan, ko cokali ba zan tarar ba."

Alhaji Ya'u ya shafa gemu, yana danne dariya. Ya ce, "Liman, a yi addu'a. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin bikon da ya yi sauri haka ba."

Liman ya yi addu'a a tsaye, buzu a hannu. Suwaiba ta karɓi makullin ɗakinta daga hannun Jumare a gaban kowa, ta ɗaure a bakin zane. Ta ce ba za ta hau wannan babur ba, ita da Malam Bappayo mota za su shiga, kuma sai sun riga shi isa. Jumare ya bi bayansu shi kaɗai, da rigar shadda a sama, gajeren wando a ƙasa, da aron silifas ɗin Goggo Yelwa, takalminsa a leda rataye a wuya.

Washegari ya fito majalisa yana taku ɗai-ɗai, ƙwauri sumul ba gashi ko ɗaya.

"To, 'yan dariya. Wa ya taɓa zuwa biko ya dawo da mata a yini guda, ba a ko zauna ba? Ku faɗa min."

Babakura ya ce, "Ƙafar fa, bawana? Ta isa a bushe?"

"Kai matsalarka ke nan, Babarbare. Ana maganar nasara kana maganar ƙafa."

Ledar ɗaki dai ba ta koma yadda take ba. Suwaiba ta shimfiɗa tabarma a kan ramin, ta kuma yanke furen ta kafa shi da ƙusa a bakin ƙofa, daidai inda buta take. Yanzu duk wanda ya bi ta layin da damina zai ga Injiniya tsugune a kan furen nan, yana wanke ƙafa har tsakanin yatsu kafin a buɗe masa ɗaki. In ka tsaya kallo, zai ɗago kai ya ce maka, "Sabuwar fasaha ce. Ruwa ake sa wa ruwa. Ni na ƙirƙiro ta."

Iyakar abin da ya zo kunnenmu ke nan. Sauran yana wurin buta, ita kuwa ba ta magana.